Wasiƙa zuwa ga aminina kan laimar kwaɗi da kitsen hanta

Assalamu alaikum, mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Saƙonka ya iso. Na ga abin da hoton ciki ya nuna, wato kitse ya fara taruwa a hantarka, kuma maiƙon jini ya ɗan hau. Allah ya ba ka lafiya. Kada hankalinka ya tashi, domin wannan larura ta kama sama da kashi ɗaya cikin huɗu na manyan mutanen duniya, kuma in an tare ta da wuri takan koma baya. Likitoci kan ce an same ta ne idan kitse ya wuce kashi 5 cikin 100 na hanta.

Ka tambaye ni kan laimar kwaɗi, da kafson garinta da wani ya ce ka saya wai yana "wanke hanta". Ka ci laimar, ka bar kafson. Ga dalilina.

Laimar kwaɗi kusan duk ruwa ce, kimanin kashi 90. Farar nan da aka fi nomawa, Agaricus bisporus, giram 100 nata bai wuce kalori 22 ba, kitsenta kuwa bai kai rabin giram ba, kuma babu kolestarol, wato wani nau'in maiƙon jini, a cikinta. Amma tana da tauna, tana da ɗanɗano mai kama da na nama, shi ya sa take cika ciki. A 2013 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun fitar da sakamakon wani gwaji na shekara guda, inda wasu masu ƙiba suka riƙa cin laimar kwaɗi a madadin jan nama, kuma nauyinsu ya ɗan ragu. A ganina mafi yawan amfaninta yana nan ne, cikin abin da take korewa daga kwano. Kuma rage nauyi shi ne abin da aka fi tabbatar da aikinsa a kan kitsen hanta: in mutum ya zubar da kashi 7 zuwa 10 na nauyinsa, kitsen kan ragu sosai, kumburin ma yakan lafa.

Sai kuma aikin da laimar take yi a hanji. Jikinta yana da wasu zaruruwa da ciki ba ya narkarwa, irin su bita-gulukan da kaitin. Ka san hanta da kolestarol take haɗa ruwan maɗaciya, ta zuba shi a hanji, sannan jiki ya sake tsotse kusan kashi 95 ya mayar mata. Idan zaruruwan abinci suka riƙe wani ɓangare suka fita da shi ta bayan gida, dole hanta ta ɗebi kolestarol daga jini ta haɗa sabo. Ragowar kuma bakteriyar babban hanji ke ci, su fitar da wasu sinadarai da ke bin jini kai tsaye zuwa hanta.

To, ga wurin da nake so ka natsu ka karanta. Akwai wata laima da Japanawa ke kira shitake. Tun shekarun 1960 masana a Japan suka lura cewa ɓerayen da aka ciyar da ita kolestarol ɗin jininsu yana faɗuwa, daga baya suka ware sinadarin da ke yin haka, ana ce masa eritadenin. Masu talla a nan suke tsayawa. Amma da aka ci gaba da bincike, aka yanka ɓerayen aka duba hantarsu, sai aka ga wani abu: a wasu gwaje-gwajen, musamman in an ba su shitaken da yawa ko kuma abincinsu ba shi da isasshen kolin, wani sinadarin abinci da hanta ke buƙata, maiƙon jini ya sauka, amma kitse ya taru a hanta. Dalilin shi ne hanta ba ta sakin kitse cikin jini haka tsirara, sai ta ƙunshe shi tukuna, kamar yadda ba a loda hatsi a mota sai an zuba shi a buhu. Eritadenin yana rage abin da ake yin buhun da shi. Kaya sun ragu a kan hanya, gaskiya ne, amma sun taru ne a sito. Da aka ƙara wa ɓerayen kolin, matsalar ta kau.

Ba ina cewa shitake za ta lalata maka hanta ba ne. Abin da ake ɗura wa ɓera, in aka kwatanta da nauyin jikinsa, ya fi abin da kai za ka ci a miya nesa ba kusa ba. Abin da nake nufi shi ne takardar gwajin jini tana iya yin kyau alhali hanta tana shan wahala. Kafso kuwa tattara sinadaran yake yi wuri ɗaya, ba ka san yawansu ba. Har an samu rahotannin likitoci na mutanen da hantarsu ta taɓu bayan shan garin wata laima mai suna Ganoderma, wadda ake tallatawa da sunan gyaran hanta.

Haka batun wani sinadari mai suna lobastatin, da za ka iya ji an ce akwai shi a laimar kwaɗi. Gaskiya ne ana samunsa a laimar Pleurotus ostreatus, kuma shi ne maganin kolestarol da Amurka ta amince da shi a 1987, bayan da wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ya gano irinsa na farko a cikin wata fumfuna a shekarun 1970. Yana toshe hanyar da hanta ke bi wajen ƙera kolestarol. Sai dai wanda ke cikin laimar kaɗan ne, kuma yana bambanta daga wannan gona zuwa waccan. Don haka in likitanka ya rubuta maka magani, ka sha abinka, kada ka ce miya ta ɗauke maka.

Akwai kuma wani sinadari a laimar, argotiyonin, wanda jikinmu ba ya ƙerawa amma yana da hanyar musamman ta tsotse shi, yana ajiye shi a hanta da jajayen ƙwayoyin jini. Abin sha'awa ne, har yanzu dai ana kan bincikensa.

Wajen girki, ka gaya wa uwargida laimar tana shan mai ƙwarai. In aka soya ta tsamo-tsamo, an dawo da abin da ake gudu. A gasa ta, ko a ɗora ta a busasshen kasko har ruwanta ya fita, sannan a ɗiga mai kaɗan. A dafa ta sosai, domin ɗanyar shitake kan jawo wa wasu ƙuraje masu ƙaiƙayi kamar shatin bulala.

Don girman Allah kada ka ci wadda aka tsinto a daji. Wata laimar daji mai suna Amanita phalloides ita ke da alhakin mafi yawan mace-macen da laimar kwaɗi ke jawowa a duniya, kuma hanta take hara. Gubarta ba ta mutuwa da tafasa, ko suya, ko shanya. Mutum zai ci ya wuni lafiya, sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso, daga nan ya ji sauƙi har ya ɗauka ya warke, a lokacin kuwa hanta tana mutuwa. Wasu sai da dashen hanta suke tsira. Ka tsaya ga wadda aka noma.

Idan ka koma asibiti, ka nemi a duba sikarin jininka tare da sinadaran hanta, domin kitsen hanta da ciwon suga tare suke tafiya. Lemon kwalba ma a rage shi, hanta kan mayar da sikarinsa kitse. Ka turo mini sakamakon in ya fito.

Ka gaishe mini da uwargida, ka shafa kan yara.

Wassalam,
Naka har kullum.