Sanarwa: sauraron ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar bayan Isha'i, in Allah Ya kai mu, Bach za mu saurara, Bajamushen nan mai tsara kiɗa da waƙa da ya rasu a 1750. Na zaɓo rerawar Bach Collegium Japan, ƙungiyar da Masaaki Suzuki ya kafa a 1990. Su dai burinsu waƙar ta fito yadda aka ji ta a zamanin mai ita: mawaƙa kaɗan, gogen da tsirkiyarsa ta hanjin tumaki ce ba ta ƙarfe ba, sautin kuma an ɗan rage kaifinsa, 415 a ma'aunin kaifin sauti maimakon 440 da kunnenmu ya saba. Ku sa abin kunne don Allah, lasifikar waya cinye muryoyin ƙasa take yi.

Tun 1981 Joshua Rifkin, wani masanin kiɗa, ya ce mutum ɗaya ne, ba taro ba, ke riƙe kowace murya a wajen Bach, har yau ana ta musu. Ni kam na fi son taron muryoyi, amma ku ji ku yanke.

Waƙar coci ce da Jamusanci, wanda bai so ya tsallake ba komai. A ajiye sharhi sai an gama.