Tallan giyar inabi ya shigo wayoyin yaranmu ta bayan fage

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan yadda masu sayar da giyar inabi suke kama kwastoma a soshiyal midiya, domin mu nan hankalinmu yana kan tirelar giya da Hisbah take kamawa a Kano a farfasa kwalabe, amma tallan da ke cikin waya babu mai taɓa shi.

Mutanen nan fa sun iya kasuwa, a faɗi gaskiya. Tun 2006 wani ɗan Amurka, Gary Vaynerchuk, ya fara ɗora bidiyo daga shagon babansa a New Jersey, ya zauna gaban kyamara ya ɗanɗana ya tofar a bokiti yana ta zuba surutu kamar abokinka, duk wanda ya yi tambaya ya ba shi amsa, da haka shagon ya ƙara yin suna. To yanzu kowa salon da ya ɗauka ke nan. Ba za su ce maka zo ka saya ba, a'a, sai ka ga wata mai dubban mabiya a Instagram an ba ta kwalba kyauta ta ajiye gefen gasasshen nama a wani haɗaɗɗen wuri a Legas ko Abuja, ga kiɗa ga kwalliya, a ƙasa an rubuta ka kira abokanka uku ku ci kyauta, lambar WhatsApp tana nan kana turo kuɗi ɗan aike ya kawo har ƙofar gida. Maganar sai mai shekara 18 zai ga tallan kuma wasa ce kawai, yaron da ya ƙara wa kansa shekaru ranar buɗe akawun wa zai hana shi?

Abin da ya fi damuna shi ne kwalabar ta yi kama da su Eva da Veleta marasa bugarwa da muke gani a dinar biki, a hoto wallahi ba kowa ne zai bambance ba, ƙannenmu mata masu haɗa kayan biki ta intanet su na fi ji wa.

Faransa da kanta, wadda ta yi suna a giyar inabi, tun 1991 ta yi dokar Evin da ta taƙaita me ɗan talla zai nuna. Facebook ma ba ya barin tallan barasa a Saudiyya da Masar. Mu kuma muna da hukumar ARCON da aikinta ke nan tantance talla a Najeriya, har ta maka Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, a kotu a 2022, to hukumar ta waiwayi waɗannan masu mabiyan ta sa su riƙa rubuta cewa talla ne aka biya su, kuma abin da ke kwalbar akwai barasa a ciki, da manyan haruffa ba can ƙasa ba.

Kafin nan iyaye a shiga saitin talla na Facebook da Google a wayar yara, akwai wurin da ake rage tallan barasa.

Naku,
Mai karatu daga Kano