Besbol ya daɗe a Kalifoniya kafin zuwan Dodgers

Assalamu alaikum Edita,

Da fatan kuna lafiya, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ne ta intanet daga nan Sakramento a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma wlh naji daɗi da naga kun fara taɓo wasan besbol a shafin wasanni, amma akwai wani gyara da nake so in yi don abin ya tsaya min a rai. An rubuta kamar sai a 1958 da manyan ƙungiyoyin Dodgers da Giants suka taso daga New York suka dawo Los Anjales da San Faransisko sannan mutanen wannan yankin suka san besbol. Ba haka bane gaskiya.

Tun 1903 akwai gasar yanki da ake kira Pacific Coast League, ta fara da ƙungiyoyi 6: San Faransisko, Okland, Los Anjales, Sakramento, Fotland da Siyatil. A shekararta ta farko ma 'yar tawaye ce, bata ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙananan gasanni, sai a 1904 aka sasanta ta shiga. A lokacin manyan ƙungiyoyi duk suna can gabas, babu ko ɗaya yamma da St. Louis, to kaga ga mutumin gaɓar tekun Fasifik wannan gasar ita ce komai, ita yake bi a jarida, ita ake musu a kai a wurin aiki.

Abinda ya fi burge ni shine wahalar da suka sha. Daga Siyatil zuwa Los Anjales ya haura mil 1,000 kuma a jirgin ƙasa ake tafiya, shi yasa idan ƙungiya ta sauka a gari sai ta kwashe sati guda cur suna karawa da masu masauki, ranar Lahadi ayi wasa biyu, Litinin a kama hanya. Kuma da yake nan ba'a sanyi mai tsanani irin na gabas sai su fara tun ƙarshen Maris su kai har Nuwamba, wasa sama da 200 a kaka ɗaya, a 1905 ƙungiyar Seals ta San Faransisko wasa 230 ta buga! Duk wanda ya taɓa buga ko da ƙwallon unguwa ne ya san me wannan yake nufi a jikin ɗan adam.

Sai kuma girgizar ƙasar 18 ga Afrilu 1906, gobarar da ta biyo baya ta cinye filin Seals ƙurmus, gari ya zama toka, mutane na kwana a tanti. Kowa ya ɗauka gasar ta mutu kenan, amma Cal Ewing mai ƙungiyar Okland ya tsaya kai da fata ya zuba kuɗinsa, Seals suka tsallaka ruwa suka ƙarasa kakar a Okland. A 1907 ƙungiya 4 kacal suka rage amma dai ba'a rufe ba.

A wannan gasar ne shahararren ɗan wasa Joe DiMaggio, ɗan masunci ɗan asalin Sisili, yana shekara 18 ya jera wasa 61 a 1933 kullum sai bugunsa ya ci. Wani shahararren ɗan wasan, Ted Williams, shi ma a San Diyego ya fara.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, bature, muna zuwa kallon River Cats, ƙungiyar Sakramento, tare a filinsu dake bakin kogi kusa da gadar nan mai ruwan ɗorawa, iyalai zaune kan ciyawa da barguna yara na ta guje-guje. Har yau wannan ƙungiyar a gasar take. Ranar nan yake bani labarin yadda babansa yake kai shi Seals Stadium yana ƙarami, yace da Giants suka zo a 1958 a wannan filin nasu suka sauka, su kuma Seals aka kwashe su zuwa Finiks a Arizona, babansa ya daɗe bai ƙara taka filin ba. Yana faɗa muryarsa na rawa, ni kaina sai da jikina yayi sanyi, mutum ya kusa 80 amma abin na nan daram a zuciyarsa.

Don Allah Edita a buga wannan gyaran, kuma in da hali a bamu tarihin gasar nan a shafin wasanni ko da kashi biyu ne.

Naku,
Mai karatu daga Sakramento