Wasiƙa Daga Gindin Dutsen Gardunha

Aminina Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki. Ya ƙarfin jiki, ya kuma gwiwar nan taka? Mu nan alhamdu lillahi, sai dai sanyi ya fara kunno kai.

Saƙonka ya iso, wanda kake neman shawara a ciki kan sayen fili a nan Fotugal don ka zauna bayan ritaya. Na lura ritaya ta ƙarato, kuma hotunan da uwargida ke tura wa Hajiya sun fara yi maka aiki a zuci. To, ga shawarata tun kafin mu yi nisa: kada ka sayi ko taku ɗaya na ƙasa a Fotugal sai ka kama hayar gida a ƙauye ka ci hunturu guda a cikinsa. Wanda ya zo farkon Afrilu, ya tarar itatuwan ceri sun yi fari fat da fure a gangaren dutsen Gardunha, ba ya jin kira. Ka zo a Janairu, lokacin da hazo ke kwana a kwari, duhu ya rufa kafin ƙarfe shida, bangon ɗaki yana naso. In ka ga haka ka ce har yanzu kana so, sai mu yi maganar fili.

Muna wani ɗan ƙauye ne a yankin Fundão, cikin gundumar Castelo Branco, ba nisa da iyakar Sifaniya. Daga ƙofar gida ana hango dutsen Estrela mai tsayin mita 1,993, da ƙanƙara a kansa in sanyi ya kankama. Tun shekarun 1960 matasan wannan yanki suke kwarara Faransa da Lisbon neman aiki, suka bar tsofaffi da kangaye. Arhar da kake gani a intanet, ga tushenta nan.

Kuma yawancin arhar nan filin noma ce. A takarda fili iri biyu ne, na noma da na gini, kuma mallakar na noma ba ta ba ka ikon ɗora ko bulo ɗaya. Kowace ƙaramar hukuma tana da taswirar da ta nuna inda aka yarda a yi gini, da inda aka keɓe wa noma ko kare muhalli, da inda haɗarin gobara ya yi yawa. Dillali zai ce maka babu matsala. Kai dai ka tafi ofishin da ƙafarka, tare da lauyan da kai ka ɗauka. Mu kango muka saya, wanda aka yi wa rajista a matsayin gida, an kuma gina shi kafin 1951, shekarar da dokar gine-gine ta fara aiki, don haka izinin gyara muka nema. Abin da ya ja mu lokaci shi ne magada. Mai gidan ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa suna warwatse a Faransa, kuma sai kowannensu ya sa hannu. Ka kuma sani in ka ba da kafin alƙalami ka fasa, ya tafi. In mai sayarwa ne ya fasa, ninki biyu zai mayar maka. A ƙananan filayen noma, maƙwabcin da gonarsa ke jingine da filin yana da haƙƙin a fara yi masa tayi. Harajin sayen filin noma kashi 5 ne cikin ɗari, ga na hatimi kashi 0.8. Duk wannan kuwa ba ya motsi sai ka karɓi lambar haraji, wadda suke kira NIF. Bizar masu fansho, D7, daga ofishin jakadanci ake fara ta, za su so ganin kuɗin da ke shigo maka ya kai mafi ƙarancin albashin ƙasar.

Yanzu gidan. Na san ka da son bene, na kuma san za ka ce daga sama aka fi hango dutse. Alhaji, mutumin da zai zauna a gidan nan ba kai na yau ba ne, kai ne mai shekara tamanin, in Allah ya kai mu. Shi za ka gina wa. Namu hawa ɗaya ne, ɗakin kwana biyu, babu matakala ko ɗaya daga ƙofar waje har banɗaki. Na sa an faɗaɗa ƙofofi yadda keken guragu zai wuce, wurin wanka kuma daidai yake da daɓen ɗaki, da ƙarfen dafawa a bango. Uwargida ta ce ina yi mana mugun fata. Yanzu ita ta fi kowa kama ƙarfen in za ta wanke ƙafa.

Mun bar tsohon bangon dutse yadda yake, kaurinsa ya fi rabin mita. Da bazara, in zafi ya kai digiri 40 a waje, ciki lumui yake. Da hunturu kuwa dutse sanyi yake riƙewa, shi ya sa kuɗin da wani zai kashe a tayil mai walƙiya mu muka zuba shi a rufi da tagogi masu gilashi biyu, da murhun itace a tsakiyar falo. Magini dattijo ne, ya haura saba'in. Zai ɗauki dutse ya juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa da guduma ya saurara, ya ajiye ya ɗauki wani, har sai ya sami wanda ya zauna daram ba tare da siminti ya riƙe shi ba. Sai dai magina sun yi ƙaranci, kowa yana riƙe da aiki uku. In ya ce maka Litinin, kada ka tambaye shi ta wane mako.

Ruwa kuma, kada ka yarda da rijiyar da ka leƙa a Maris. Ka dawo ƙarshen Agusta ka zura igiya da dutse ka auna. Rijiyar burtsatse sai da izinin hukumar muhalli.

Abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne gobarar daji. A Yunin 2017 wuta ta tashi a Pedrógão Grande, nan tsakiyar ƙasar, ta kashe mutum 66, da yawansu a cikin motoci suna ƙoƙarin gudu a kan hanya. Dazukan itatuwan pine da na turare da aka bari babu mai kula da su, ga ciyawar da awaki suka daina ci tun da makiyaya suka ƙare, su ne makamashin. Doka ta wajabta a share ciyawa da ƙananan itatuwa mita 50 kewaye da gida kowace shekara kafin zafi, jami'an tsaro na karkara suna zagayawa dubawa, akwai tara. Ko tarin rassa za ka ƙona sai ka sanar da hukuma. Wannan aiki ba ya ƙarewa, kuma injin yankan ciyawa yana da nauyi a kafaɗar ɗan sittin da ɗoriya. Don haka da ka ce kana son hekta biyar, dariya na yi. Ka sayi abin da za ka iya zagayawa tsakanin la'asar da magariba. Ka kuma duba ko hanyar shiga gidan guda ce tak. In guda ce, ka haƙura da shi komai kyansa.

Muna da itatuwan zaitun kaɗan, da manyan itatuwa biyu irin waɗanda ake yin marfin kwalba da ɓawonsu. Waɗannan doka ta hana sarewa sai da izini. Shekara tara-tara ake ɓare su, a rubuta lambar ƙarshe ta shekarar da farin fenti a jikin kututture. Namu 1 ke rubuce, wato sai 2030. Zaitun kuwa maƙwabcina ne ya koya mini datse shi. Ya tsaya a bakin katanga yana kallona da almakashi, ya girgiza kai, ya tsallako ya karɓe. Ya ce a buɗe tsakiyar itacen har tsuntsu ya iya ratsawa bai taɓa reshe ba. A Nuwamba ake tsinka, a kai injin matsa, in ka so su ɗebi wani kaso na man a matsayin lada.

Mutanen kirki ne, amma babu mai jin Turanci a cikinsu, kuma ba za su koya don kai ba. Mun shiga ajin harshen Fotugal na baƙi, uwargida ta bar ni a baya nesa, don ita ba ta jin kunyar kwaɓawa. Ranar da jikinta ya motsa da dare, matar maƙwabcin ce ta kira 112, lambar agajin gaggawa, ta yi musu kwatancen hanya. Asibitin Covilhã kusan rabin awa ne daga nan. Kada ka yarda nisan gidanka da asibiti ya wuce haka.

Abin da ke damuna ba zan ɓoye maka ba: jam'i. Babu kiran salla, sai na waya. Babban masallacin Lisbon, wanda aka buɗe a 1985, tafiyar fiye da awa uku ce a jirgin ƙasa, don haka sai Idi ko wata Juma'a jefi-jefi. Maganar makwanci ma mun yi ta da yara, mun rubuta mun ajiye, tunda akwai sashen Musulmi a maƙabarta a Lisbon. Ku ma ku zauna da Hajiya ku yi wannan magana kafin ta fili, kuma ka bar ta ta faɗi nata ra'ayin har ƙarshe.

Akwai gidan haya a bayan cocin ƙauyen da zai zama babu kowa daga Disamba, na yi wa mai shi magana ya ce zai jira amsa zuwa ƙarshen wata. Ka sanar da ni da wuri. In za ku zo, ku taho da takalman ruwa da rigunan sanyi masu kauri, ku sauka a tashar Fundão, zan zo in ɗauke ku.

Uwargida tana gaida Hajiya da kyau. A shafa mini kan jikoki.

Naka har kullum,
Amininka