A Fassara Mana Littattafan Kisan Ƙare Dangi Na Zamanin Hitila

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in faɗi abin da ya hana ni barci tun makon jiya.

Ina zaune a teburin mai shayin unguwarmu a nan Bauchi bayan sallar isha'i, samari suna muhawara kan yaƙin Gaza, sai wani yaro da na sani tun yana goye ya ce, "Ai Hitila ya yi daidai, da ma ya gama da su." Na tambaye shi, "Ɗana, su wa da wa Hitila ya kashe?" Ya ce sojojin Yahudawa. Jikina ya yi sanyi, domin ba mugun yaro ba ne. Da shi ake share masallaci. Abin da ya ji a waya ya maimaita, kuma babu wanda ya taɓa miƙa masa littafi a kan batun.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da tarihi a sakandare kafin in yi ritaya. Littafin da ya buɗe mini ido kan wannan lamari, a tarin gwanjo na tsince shi a kasuwar Wunti, bangonsa ya yage. Rubutun wata yarinya ce Bayahudiya, Anne Frank, wadda ta ɓuya tare da iyayenta da yayarta da wasu mutum huɗu a wasu ɗakuna da ke bayan ofishin mahaifinta a Amsterdam, ƙasar Holan, daga Yulin 1942 zuwa Agustan 1944. Kantar littattafai ce ta rufe ƙofar. Da rana ba su takawa da ƙarfi, ba su ɗaga murya, don kada ma'aikatan da ke ƙasa su ji motsi. Ba zancen siyasa ne ya cika littafin ba. Ƙorafi take yi kan mahaifiyarta, kan abinci iri ɗaya kullum, kan burinta na zama marubuciya, daidai yadda jikata take yi mini. An kama su, ta rasu a sansanin gwale-gwale na Bergen-Belsen a farkon 1945 tana da shekara 15. Cikin su takwas mahaifinta kaɗai ya tsira, shi ya buga rubutun a 1947. An fassara shi zuwa harsuna fiye da 70, amma duk shagunan da na leƙa daga Bauchi zuwa Gwambe ban samu na Hausa ba.

Yahudawa kusan miliyan 6 gwamnatin Hitila ta Jamus ta kashe a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har da jarirai da tsofaffi. A sansanin Auschwitz kaɗai, cikin ƙasar Polan, an hallaka mutum fiye da miliyan ɗaya. Kuma ba su kaɗai ba ne. An kashe dubban ɗaruruwan 'yan ƙabilar Roma. An kashe nakasassu da masu taɓin hankali kimanin 70,000 da iskar guba a 1940 da 1941, Jamusawa 'yan uwansu, wai don ba su da amfani. Abin da yaron nan bai sani ba, mu ma baƙar fata muna cikin waɗanda 'yan Nazi, wato jam'iyyar Hitila, suka ɗauka ba cikakkun mutane ba. A 1937 aka tattara ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka suka haifa da matan Jamus, aka yi musu aikin da ya kashe musu haihuwa. A 1940 kuwa, da Jamus ta ci Faransa, a wurare da dama an ware sojojin Afirka ta Yamma daga cikin fursunoni aka harbe su. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda aka kai ƙasar Bama (Myanmar ta yau) suka yaƙi Japan, ƙawar Jamus. Da ya ji yaron nan na yabon Hitila, da ya yi kuka.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce: Malam, su Falasɗinawa fa? Wallahi ina cikin masu zubar da hawaye kan yaran Gaza, ina kuma yi musu addu'a kowace asuba. Sai dai yarinyar da ta mutu a 1945 ba ta jefa wa kowa bam ba. Allah ya ce mana a Suratul Ma'ida kada ƙiyayya da wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci. Akwai Musulmin da suka riƙe wannan a lokacin da riƙonsa yake nufin sayar da rai. A Sarajevo ta Bosniya, Dervis Korkut ya ɓoye wata Bayahudiya a gidansa ya ce 'yar aikinsa ce. A Albaniya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, an gama yaƙi Yahudawa sun fi yadda suke kafin a fara, saboda mutanen gari sun ƙi ba da baƙinsu. Me ya sa 'ya'yanmu ba su san waɗannan ba?

Abin da ya fi tsaya mini a rai a littattafan nan shi ne yadda abin ya faro. Ba da kisa aka soma ba. A 1 ga Afrilun 1933 aka ce kada a yi sayayya a shagon Bayahude. A 1935 aka yi dokar ƙwace musu 'yancin zama 'yan ƙasa, aka hana auratayya da su. A Nuwamban 1938 aka ƙona wuraren ibadarsu aka farfasa shagunansu, maƙwabta na kallo. Duk wanda ya ga rikicin 1991 a jihar nan ya san yadda mutumin da kuka ci tuwo tare jiya yake zama abin farauta yau, kuma ya san da baki ake fara hura wutar. Ga shi an taɓa shafe shekaru babu darasin tarihi a ƙananan makarantunmu.

Roƙona ga malaman sassan harsuna na jami'o'inmu da marubutanmu shi ne su nemi izinin masu haƙƙin mallaka su fassara ko da biyu daga cikin littattafan nan, na yarinyar nan da na Primo Levi, Ba'italiyen da ya fito daga Auschwitz da ransa a Janairun 1945. Gidajen rediyo da ke karanta mana littattafan soyayya da daddare su ware rabin awa a mako. Kai ma, Edita, shafi guda duk Juma'a zai wadatar.

Nawa kwafin yana hannun yaron nan yanzu. Turancinsa bai yi ƙarfi ba, don haka mun yi da shi zai riƙa zuwa zaurena bayan la'asar, ina karantawa ina mayar masa da Hausa. Jiya ya zo da abokansa biyu.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Unguwar Jahun, Bauchi.