Yaranmu na Legas da karatun addini a waya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, gidana kuma yana Agege, inda aka haifi 'ya'yana duka. Wani abu ne ya faru a gidana, na ga ya dace iyaye irina su ji.

Rannan na ja iyalina sallar Isha'i, na yi mantuwa na ƙara raka'a, da na sallame sai na yi ba'adi. Babban ɗana, wanda ke karatu a jami'ar LASU da ke Ojo, ya matso cikin ladabi ya ce, "Baba, ai kafin sallama ake yin sujadar nan." Na ce wa ya faɗa maka? Ya ce wani malami ne ya gani a waya. Sunan malamin fa? Bai sani ba. Garinsu? Shiru. Bidiyon ma bai kai minti biyu ba.

Malamin nan bai yi ƙarya ba. A mazhabar Shafi'iyya haka abin yake. Mu kuwa a Malikiyya, in ka rage ka yi ƙabli, in ka ƙara ka yi ba'adi, kamar yadda yake a Ahalari. Abin da ya dame ni shi ne yaron bai ma san akwai wannan saɓani ba. Ya ɗauka ubansa shekara da shekaru yana ɓata salla.

Da farko raina ya ɓaci, daga baya na ga laifin nawa ne. Mu a zaure muka yi karatu, daga Ahalari zuwa Ishmawi, Iziyya, sannan Risala, malam na fassara kalma bayan kalma, in ka karkace ya miƙar da kai nan take. Shi fa? Yana fita bayan Asuba, cunkoson motoci ya cinye masa yini, ya dawo a gajiye. Ga matsalar harshe: yaran da aka haifa a nan Turanci da Yarbanci sun fi zama a bakinsu. In malam ya zurfafa Hausa a wurin tafsiri, rabin maganar wuce su take yi. Waya kuwa tana aljihu, tana magana da harshen da suke ji, ba ta tsawa. 'Yan mata ma kan tambaye ta hukuncin haila, abin da kunya ba za ta bari su furta a gaban malam ba. To don me ba za su rungume ta ba?

Saboda haka ban ga amfanin ƙwace waya ba. Amma Ibn Sirin, ɗaya daga cikin malaman magabata, ya ce wannan ilimi addini ne, mutum ya duba daga wa yake karɓarsa. Yaro ba zai iya wannan dubawa shi kaɗai ba.

'Yan'uwanmu Yarbawa sun daɗe da gane haka. A nan Legas aka kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN tun 1954, ga kuma Markaz, makarantar Larabci da addini da Shehu Adamu Al-Ilori ya bar mana a Agege, kusa da mu. Mu Hausawan Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, wane zama muka tanadar wa ɗalibanmu, ko da na ranar Asabar ne?

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ware fili duk mako inda ɗalibai za su aiko da abin da suka ji a waya, malamai sanannu su amsa, su faɗi littafin da mazhabar da suka dogara da ita, cikin Hausa mai sauƙi.

Ni dai na ciro tsohon Ahalarina daga akwati. Duk Lahadi bayan La'asar mukan zauna da yaron, ni da littafi, shi da wayarsa. Makon jiya muka shiga babin taimama.

Naka,
Wani uba daga Agege, Legas