Amsa Ga Ƙanina Kan Faya-fayan Rok Da Na Fi So

Ƙanina mai tambaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A zaman da muka yi da masu sauraro bayan wasanmu na ƙarshe, ka miƙe a bainar jama'a ka tambaye ni faya-fayan kiɗan rok da na fi so, da abin da kowannensu yake tuna mini. A ranar na amsa maka a gurguje saboda ƙurewar lokaci, amma tambayar ta ci gaba da yi mini yawo a rai, shi ya sa na ga ya dace in ba ta haƙƙinta a rubuce.

Na farko shi ne "Are You Experienced" na Jimi Hendrix, wanda ya fito a 1967. Yayana ne ya shigo da shi gida a kaset ina ɗan shekara goma sha uku. Ni bahago ne, kuma a lokacin na kusa haƙura da jita, domin malamin da yake koya mini ya dage sai na kaɗa da dama. Yayana ya ce mini mai wannan kiɗan ma bahago ne, jitar 'yan dama yake juyawa ya sake ɗaura mata tsarkiyoyi. A daren nan muka zauna muka kwance tsarkiyoyin jitata shida muka sauya musu wuri, kuma har yau a haka nake kaɗawa.

Sai "Rumours" na ƙungiyar Fleetwood Mac, na 1977, wanda suka ɗauka a daidai lokacin da, a cikin 'yan ƙungiyar, auren John da Christine McVie yake mutuwa, Stevie Nicks da Lindsey Buckingham kuma suna rabuwa. Shi na riƙa saurara a shekarar da saɓani ya kusa wargaza ƙungiyarmu, ina mamakin yadda mutanen da zukatansu suka yi nisa suke haɗa murya haka. Na san wasu za su ce ina faifan Led Zeppelin na huɗu, na 1971. Ina jinjina wa gangar John Bonham ƙwarai, sai dai na sami faifan ne bayan na girma, a matsayin darasi, ba ya tuna mini da kowa.

Wanda ya fi kowanne zama a zuciyata shi ne "The Dark Side of the Moon" na Pink Floyd, wanda aka ɗauka a situdiyon Abbey Road da ke Landan, ya fito a 1973. Da bugun zuciya yake farawa, da shi kuma yake ƙarewa. Lokacin da ciwo ya kwantar da yayana, shi kaɗai yake nema in kunna masa, a wata ƙaramar rediyo mai kaset da nake ajewa kusa da matashinsa. Zaren kaset ɗin yakan sarƙe, in zaro shi a hankali in naɗe da biro, shi kuwa yana jira ido a rufe. Idan aka zo "The Great Gig in the Sky", inda Clare Torry take rera murya tsagwaronta babu kalma ko ɗaya, sai ya ɗaga yatsa alamar kowa ya yi shiru. A wajen na fahimci cewa sauti yana iya faɗin abin da baki ya kasa, kuma duk abin da nake yi da jita tun daga nan ƙoƙarin kusantar wannan ne.

Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, na shafe shekara shida ban iya kunna faifan ba. Yanzu nakan saurare shi sau ɗaya a shekara, ni kaɗai, daga farko har ƙarshe, wajen minti 43 ba tare da na tsallake komai ba. Kaset ɗin kansa ya daina juyawa tuntuni, amma yana nan cikin akwatin jitata, da rubutun hannun yayana a bayansa.

Naka,
Yayanka mai kaɗa jita